Ƙofofin Goronyo da Tarihin Na'ura Mai Gyara Kanta

Gulbin Rima daga nesa yake tattaro ruwansa. Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga ƙasar Katsina da Zamfara su haɗu a wajejen Isa, Gulbin Maraɗi kuma ya tashi daga ƙasar Katsina, ya ratsa Nijar, ya dawo ya tarar da su a wajejen Sabon Birni. Shi ya sa manomin Lahodu ko na Kwargaba zai kwana sama garau, babu ko ɗigo, ya wayi gari ya ga gulbi ya kawo. Ruwan da aka yi a wata ƙasa kwanaki da suka wuce ne ya iso.

A kan wannan gulbi mai sauyin hali aka gina zaman mutanen gabashin Sakkwato. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, a bakinsa yake. Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ya zauna a cikinsa har ya rasu a 1837, fadamar Rima yake kallo. Mutanen wannan kwari sun daɗe da sanin cewa ba a yi wa gulbi alkawari, don haka suka raba ƙafa. Gero da dawa a tudu, shinkafa a inda ruwa ke kwanciya, in ruwa ya ja baya a bi danshinsa da albasa da tafarnuwa da alkama, a ƙara da jigo idan ƙasa ta fara bushewa. Shekarar da ambaliya ta yi yawa tudu ya ciyar, shekarar da ta yi kaɗan a matsa kusa da gulbi. Shawarar yaushe za a shuka, kuma a ina, tana warwatse a kawunan dubban mutane. Wanda ya yi kuskure, gonarsa kaɗai ya cuta.

Farin farkon shekarun 1970 da kuɗin man fetur su suka sauya wannan tsari. Gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aikin kamfanin Impresit na Italiya. Labarin manoman da aka karɓe wa gonaki a can, da harbin da 'yan sanda suka yi musu a Afrilun 1980, sananne ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da dam ɗin, zuwa wajen Rabah. Ambaliyar da suke jira kowace shekara don shinkafarsu ta ragu, lokacin zuwanta ma ya rikice, domin yanzu ba sama kaɗai ke sakinta ba. Sannan aka gina madatsar Goronyo a kan Rima kanta, aka gama a 1984, aka ƙaddamar a 1992. Bangon yashi da ƙasa ne mai tsayin mita 21, tsawonsa kilomita 12.5, an tsara shi ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900.

Daga ranar da aka rufe ƙofofin nan, shawarar da ke hannun dubbai ta koma hannun 'yan tsirarun ma'aikata. Kuma shawara ce mai wuya, domin ana neman abu biyu masu karo da juna daga tafki ɗaya. Manoman rani na kwarin Rima da famfunan Sakkwato da Birnin Kebbi suna son a cika tafki fal kafin damina ta ɗauke. Ƙauyukan da ke ƙasa suna son a bar fili a cikinsa, ko da wani babban ruwa zai zo a ƙarshen Agusta. Wanda ya saki ruwa da wuri, damina kuma ta ɗauke, ya kashe noman rani. Wanda ya riƙe, ruwa ya ƙaru, dole ya saki mai yawa lokaci guda.

Duka biyun sun faru cikin shekara takwas. A ƙarshen Agustan 2010 tafki ya cika har ya kai matakin haɗari. Aka buɗe ƙofofi a farkon Satumba, ruwa ya ci ƙauyen Kagara, bayan kimanin mako guda kuma wani sashe na mafitar ruwan ya karye. Ƙarshen azumi ne, mutane na shirin sallah. Ruwa ya bi kwarin ta Goronyo da Wurno har Sakkwato, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, dubban mutane suka rasa matsuguni da amfanin gona. A farkon 2018 kuma sai aka wayi gari abin da ya rage a tafkin bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, saboda ƙarancin ruwan daminar da ta gabata da kuma yashi da laka da suka daɗe suna taruwa a ƙasansa.

A wasu ƙasashe an miƙa irin wannan shawara ga manhajar kwamfuta, wadda ke auna abin da ke faruwa, ta sauya aikinta nan take ba tare da an tsayar da ita ba. Da yake ana yawan kawo wannan magana duk lokacin da aka yi ambaliya, kamar kwamfuta ce maganin komai, ya kamata a san tarihin abin, domin tarihi ne da aka biya da rayuka.

Tun kafin kwamfuta aka fara. A 1788 James Watt ya ɗora wa injinsa na tururi wasu dunƙulen ƙarfe biyu masu juyawa. In inji ya yi gudu da yawa sai su buɗe su rage tururi, in ya yi sanyi su sauko su ƙara. Dabarar ta yi aiki, amma masu injuna suka lura wani lokacin na'urar takan wuce gona da iri: ta rage fiye da kima, ta dawo ta ƙara fiye da kima, inji ya dinga hawa da sauka. A 1868 masanin lissafi James Clerk Maxwell ya zauna ya fitar da sharuɗɗan da ke sa mai gyara ya daidaita abu, da waɗanda ke sa gyaran kansa ya zama ciwon. Duk abin da ya biyo baya, wannan tambayar yake maimaitawa.

Shekara ɗari bayan haka, Amurka na gwajin wani jirgi mai roka, X-15, wanda ke tashi daga iska mai kauri ya kai inda kusan babu iska, ya dawo, duk cikin 'yan mintuna. Juyin sitiyari da ya isa a ƙasa ba ya isa a sama. Sai kamfanin Honeywell ya ƙera wa ɗaya daga cikin jiragen na'ura mai sauya ƙarfin juyinta da kanta gwargwadon yadda jirgi ke amsawa. Ta yi tafiye-tafiye da dama lafiya. Ranar 15 ga Nuwamba 1967, Manjo Michael Adams ya kai tsayin kusan kilomita 81, wata matsalar lantarki ta dagula abubuwa, jirgin ya shiga juyi yana gangarowa. Ya fita daga juyin, amma na'urar ta maƙale a kan ƙarfi mafi girma alhali jirgi ya dawo iska mai kauri. Ta dinga kaɗa kan jirgin sama da ƙasa, kowane kaɗi ya fi na baya, har jirgin ya tarwatse, Adams ya mutu. Na'urar ba ta tsaya ba, ba ta kuma san ta fita daga yanayin da aka gina ta dominsa ba. Shekaru da dama bayan nan masu ƙera jirage suna ɗari-ɗari da duk na'urar da ke daidaita kanta.

Ba a cika shekara biyu ba aka ga ɗaya fuskar. Ranar 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 na sauka a duniyar wata, sai kwamfutarsa ta fara ƙarar gargaɗi, lamba 1202 da 1201, har sau biyar. Wata na'urar hangen nesa da ba a buƙata a lokacin ce ke cinye mata lokaci, aiki ya fi ƙarfinta. Masu rubuta manhajar a jami'ar MIT, ciki har da Hal Laning da Margaret Hamilton, sun riga sun jera ayyukan kwamfutar bisa muhimmanci. Da abin ya yi mata yawa sai ta watsar da ƙananan ayyuka, ta sake tashi cikin ƙiftawar ido, ta ci gaba da wanda ba a iya bari, wato tuƙi da sarrafa inji. Kuma ta faɗa wa mutane halin da take ciki. A Houston wani matashin injiniya, Jack Garman, yana da takardar da ya rubuta ma'anar kowace lamba, shi ya ba abokin aikinsa Steve Bales tabbacin a ci gaba.

A ganina duk ilimin wannan fanni yana tsakanin waɗannan ranaku biyu. Dukansu na'urori ne masu sauya hali suna cikin aiki. Ta Apollo an gaya mata tun a ƙasa abin da za ta iya saki da abin da ba za ta taɓa saki ba, sauyinta kuma ja da baya ne zuwa aiki mafi sauƙi. Ta X-15 an ba ta ikon ƙara ƙarfi, ba a ba ta hanyar gane cewa ƙarin ya zama guba ba.

Wayar da ke aljihun mai sayen albasa a kasuwar Acida ta gaji wannan tarihi ta hanya biyu. A Oktoban 1986 intanet, tana jaririya, ta shaƙe. Tsakanin wani ɗakin bincike da jami'ar Berkeley a Kalifoniya, tazarar da ba ta kai rabin kilomita ba, gudun saƙo ya faɗo kusan ninki dubu, domin kowace kwamfuta in saƙonta ya ɓace sai ta sake turawa da ƙarfi, ta ƙara cunkoso. Van Jacobson ya kawo gyara a 1988: mai turawa ya fara a hankali, ya dinga ƙarawa kaɗan-kaɗan, da zarar ya ga alamar cunkoso ya rage rabi. Ƙari a hankali, ragi da sauri. Manomin da ke ban ruwa a fangali ya san wannan, da fartanya yake ɗan buɗe bakin ruwa yana kallo, amma in ya ga kunya za ta ɓalle, da hannu biyu yake toshewa. Hanya ta biyu daga Suwidin ta fito. A 1986 Joe Armstrong da abokan aikinsa a kamfanin Ericsson suka fara harshen manhaja mai suna Erlang, don na'urorin haɗa kiran waya waɗanda ba a yarda a kashe su ko na minti ɗaya ba. Sun yarda cewa kowane sashe zai iya faɗuwa, sai suka sa wa kowane ƙaramin aiki mai sa ido da zai tashe shi in ya faɗi, suka kuma sa ana iya canza manhajar tana cikin aiki. Da wannan harshe aka gina WhatsApp.

Kada a ɗauka warkar da kai ba ta da nata haɗarin. Ranar 15 ga Janairu 1990, na'urar haɗa waya guda ta kamfanin AT&T a New York ta sami 'yar matsala, ta kashe kanta ta sake tashi kamar yadda aka tsara, ta aika wa maƙwabtanta saƙon ta dawo. Kuskure ɗaya a sabuwar manhajar farfaɗowa ya sa saƙon ya kayar da maƙwabtan, su ma suka tashi suka kayar da nasu. Na'urori 114 suka yi ta kayar da juna kusan awa tara. Injiniyoyi sun shawo kan abin ne ta hanyar rage wa layukan nauyi da komawa tsohuwar manhaja.

Daga irin wannan ne Lui Sha, wanda ya yi aiki a Carnegie Mellon kafin ya koma jami'ar Illinois, ya fito da tsarin da ake kira Simplex. A bar manhaja mai wayo ta yi tuƙi, amma a ajiye wata mai sauƙi a gefe, wadda aka bincika ciki da bai, da kuma mai gadi da ke duba ko mai wayon ta kusa fita daga iyakar aminci. Ta kusa, sai a ƙwace a ba mai sauƙin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kamfanin IBM kuma a 2001 ya shelanta burin kwamfutoci masu kula da kansu, inda aka yaɗa zagayen nan da ake koyarwa yau: auna, fahimta, shirya, aikata, a sake aunawa. Masifu da dama da suka biyo baya a matakin farko, wato aunawa, suka fara. Jiragen Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi, na Indonesiya a Oktoban 2018 da na Habasha a Maris 2019, mutum 346, manhajar da ke dunƙufar da kan jirgi ce ta gaskata ma'auni guda ɗaya da ya lalace, ta yi ta kokawa da matuƙa.

A harkar ruwa ma akwai misalai biyu da ya kamata duk mai maganar Goronyo ya sani. Na farko Taum Sauk ne, a jihar Misuri ta Amurka, tafki a kan tsauni da ake tura wa ruwa da famfo da dare, a sake shi da rana don samar da lantarki. Kwamfuta ce ke tsayar da famfo in ruwa ya kai wani mataki, ana lura daga nesa, kuma ba a gina wa tafkin mafitar rarar ruwa ba, don an amince da na'ura. Bututun da ke riƙe da ma'aunan ya kwance, suka dinga nuna ruwa ƙasa da inda yake. Ma'aunan ko-ta-kwana kuma an ɗaga su har sun fi wani sashe na bangon tsayi. Da asubahin 14 ga Disamba 2005 ruwa ya haura bango ya cinye shi, sama da galan biliyan ɗaya suka gangaro cikin ƙasa da rabin awa. Ruwan ya kwashe gidan mai kula da wani gandun shaƙatawa da iyalinsa, Allah ya sa duk suka rayu. Manhajar ta yi daidai abin da aka ce ta yi, da lambobin ƙarya.

Na biyu a Holan yake. Bayan ambaliyar teku ta 1953 da ta kashe mutum sama da 1,800, ƙasar ta shafe shekaru tana gina shingaye. Na mashigin Rotterdam, Maeslantkering, an gama shi a 1997, ƙofofi biyu ne kowace mai tsawon mita 210. Rufe su yana tsayar da ɗaya daga cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na duniya, ƙin rufewa kuma yana iya nutsar da birni. Mutanen Holan suka ga cewa mutumin da ke tsakanin waɗannan matsin biyu, cikin dare da guguwa, zai iya jinkiri ko gaggawa, sai suka miƙa wa kwamfuta yanke shawarar. Amma dubi yadda suka ɗaure ta. Ƙa'idar a fili take, kowa ya san ta: in hasashe ya nuna ruwa zai kai mita 3 sama da ma'aunin ƙasar a Rotterdam, a rufe. An bi muhimman sassan manhajar da hujjojin lissafi kafin a yarda da ita. Ana sanar da jiragen ruwa sa'o'i kafin rufewa. Ma'aikata na nan a wurin, shirye su karɓa da hannu in na'ura ta gaza. Kuma kowace shekara kafin lokacin guguwa ana rufe ƙofofin don gwaji, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai a Nuwamban 2007 guguwa ta fara sa a rufe su.

Abin lura, kwamfutar Holan ba ta ƙirƙiri ƙa'idar ba. Mutane ne suka yi muhawara a kan mita nawa, wa zai yi asara in an rufe, wa zai yi in ba a rufe ba, sannan aka rubuta. A nan ne nake ganin maganar Goronyo take. Kafin a zo ga manhaja, akwai tambayar da ta shafi mai gona a Lahodu, da masunci a Goronyo, da hukumar ruwan Sakkwato: a wane mataki tafki zai tsaya a tsakiyar Agusta, a wane mataki a ƙarshen Satumba, kuma awa nawa za a ba ƙauyukan ƙasa kafin a ƙara buɗe ƙofa? Shirin ban ruwa na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda ya haɗa da Bakolori da kwarin Rima na tsakiya, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi ne wurin da ya dace a yi wannan magana, da Hausa, a gaban waɗanda ruwan zai ci ko ya ƙi isa gare su.

Sannan sai ma'auni. Tafkin da laka ta cika wani sashe nasa ba ya ɗaukar abin da takardun 1984 suka ce, don haka lissafin da aka gina a kan tsohon adadi zai ce akwai fili alhali babu, kuma zai ce akwai ruwa alhali ya kusa ƙarewa. Sai an sake auna zurfinsa lokaci-lokaci. Ruwan da ke shigowa kuma dole a gan shi tun yana Isa da Sabon Birni, har ma tun yana ƙasar Maraɗi. Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da suke tarayya a kai, Gulbin Maraɗi na ciki, don haka akwai ƙofar musayar labarin ruwa tsakanin ƙasashen. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya na shekara, NiMet na fitar da na damina, amma hasashen shekara ba ya gaya wa mai riƙe da ƙofa abin da zai iso shi jibi.

Akwai kuma wani yanayi da injiniyoyin Holan ba su taɓa sa shi a lissafi ba. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Goronyo da Rabah, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Satumba, watan da tafki ke cika. Yankunan da ya fi kamata a kafa ma'aunan gulbi, Isa da Sabon Birni, su ne ma'aikaci ba ya iya zuwa cikin kwanciyar hankali ya share allon sola ko ya canza batir. Duk manhajar da za a ɗora a kan Rima sai an rubuta mata tun farko abin da za ta yi ranar da ma'aunin Sabon Birni ya yi shiru: kada ta ɗauki shirun a matsayin babu ruwa, ta koma kan ƙa'ida mai sauƙi da ke dogara da matakin tafkin da ake gani da ido, ta sanar da ma'aikatan dam cewa ta makance ta wannan gefe, su kuma a tanadar musu hanyar da ba ta waya ba, rediyo ko mai babur, da za su kai gargaɗi ga masu garin Wurno da ƙauyukanta.